Tsagar dutse da injin huda

Mu a Tumbutu, ba ta Mali ba, tamu ta gundumar Malanbil, ba mu da wani dutse da za a ce yau an hau shi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, daga fadamar shinkafa sai gonar albasa, sai kogin Kwara da ya raba mu da Gaya. Abin hawanmu giginya ne da kuka. Shi ya sa ranar da muke jiran kwale-kwale, ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, zo ka ga masu neman mutuwa da kuɗinsu," na karɓa ne don in taya shi dariya. Sai ga shi na kalli abin sau uku, har direban jirgi ya fara yi mana tsawa.

Wani dutse ne ja, tsaye ƙyam shi kaɗai a bakin teku kamar hasumiya, a tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotlan. Sunansa Old Man of Hoy, tsayinsa mita 137. Sai a 1966 aka fara kai wa kansa, Chris Bonington da Tom Patey da Rusty Baillie suka yi wannan aiki, shekara ta zagayo BBC ta nuna hawan kai tsaye a talabijin. Mutumin da ke cikin wayar ba shi da tsani, ba shi da abin kamawa, sai wata tsaga da ta bi jikin dutsen daga ƙasa zuwa sama. Zai cusa hannu ciki, ya lanƙwasa babban yatsa cikin tafi, hannun ya cika ya maƙale, sai ya rataya a kansa. Ƙafa ma haka, ya zura ta a karkace ya murɗa. Bayan 'yan taku sai ya tsaya, ya laluba ƙugunsa, ya zaro wani guntun ƙarfe, ya gwada shi a tsagar, bai zauna ba, ya mayar, ya zaro wani. Da ya samu wanda ya ciza sai ya sarƙafa igiya ya wuce. Abokinsa na biye yana cire ƙarafan ɗaya bayan ɗaya.

Wannan shi ne hawan gargajiya a wurinsu, kuma asalinsa na talakawa ne. Mahayan Birtaniya na da can tsakuwa suke zubawa a aljihu, su cusa a tsaga su ɗaura igiya. Daga baya suka koma tsintar noti irin na injina, suna goge zaren cikinsa. Sai a ƙarshen shekarun 1970 Ray Jardine ya fito da ƙarfe mai kunnuwa da sifirin, wanda ke buɗewa ya kama tsaga da kansa.

Amma yanzu iska ta juya. Abin da ake yayi shi ne a sauko da igiya daga sama, a zo da injin huda mai batir, a dasa ƙusoshi a jikin dutse jere da juna, kowa ya zo ya sarƙafa igiyarsa ya hau. Da yawa ma ba su taɓa dutse ba, bangon katako suke hawa a cikin gari, mai mariƙai kala-kala. Shi aka kai wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, kuma a Paris a 2024 an ga wanda ya haye bangon mita 15 cikin ƙasa da daƙiƙa 5. Ban raina ƙarfinsu ba. Ko biri ya ga wannan sai ya sara musu.

Sai dai ni ina bayan mai tsaga, kuma ba don jarumta ba. Abin da ya riƙe ni a wayar nan shi ne tsayuwar da mutumin yake yi yana gwada ƙarfe. Dutsen ne ke faɗa masa inda zai tsira, shi kuma dole ya iya sauraro. Idan tsagar ta ƙare ba wurin sa komai, zaɓi biyu ne gare shi, ya ci gaba a kan saninsa ko ya sauko ya bar wa wanda ya fi shi. Mai injin huda ba ya saukowa. Inda dutse ya ce a'a, nan zai huda. A 1970 Cesare Maestri ɗan Italiya ya ja injin mai shan fetur har jikin Cerro Torre a Patagoniya, ya dasa ƙusa kusan 400. A 2012 wasu samari biyu, Hayden Kennedy da Jason Kruk, suka hau ba tare da dogaro da yawancinsu ba, a hanyar saukowa suka cire fiye da 100. 'Yan sandan garin da ke gindin dutsen har tsare su suka yi na ɗan lokaci.

A bakin teku ma ƙusar yaudara ce. Gishiri na cin ta daga ciki, waje na ƙyalli. A duwatsun gaɓar Tailan sai da ta riƙa karyewa a hannun mutane kafin a koma dasa ta titaniyom. Wanda ya sa ƙarfensa da hannunsa ya san abin da ya rataya a kai.

Ɗan yayata bai bar ni haka ba. Ya ce, "To Kawu, kukar bayan gari fa? Turakun da ke jikinta aljanu ne suka kafa?" Ya kama ni. Kakanninmu sun fiƙe itace sun buga a jikin kuka sun yi matakala, don ganye da zuma. Su Bonington ma sun buga katako a tsagar Hoy. Amma mai hawan kuka miya yake nema wa gidansa, kuma jikin kuka na warkewa ya haɗiye turken. Mai hawan dutse don nishaɗi ba wanda ya aike shi. Ramin da ya huda kuwa jikokin jikokinsa za su tarar da shi. Na yarda akwai dutse sumul marar tsaga, irin na kudancin Faransa inda wannan yayi ya bunƙasa a shekarun 1980, wanda in ba ƙusa ba mai hawansa. A can ba ni da ta cewa. Ƙorafina a kan ƙusar da aka dasa kusa da tsaga ne, don kawai mutum ya ƙi koyon aiki.

Maganar ba ta yi mana nisa yadda ake zato ba. A Hombori ta Mali akwai duwatsun da ake kira Hannun Fatima, Turawa sun yi shekaru suna zuwa hawansu kafin rikicin 2012 ya yanke hanya. A Kwatarkwashi ta Zamfara a da mutanen gari kan hau dutsensu a bikin kamun maiki, ba igiyar kanti ba injin. Ranar da lafiya ta dawo baƙi za su dawo, wasu da injin a jaka, kuma zai yi kyau a ce sarakunan wuraren sun riga sun yanke abin da za su ce musu.

Da muka sauka a gaɓar Gaya na ga yaron ya tsaya jikin wata tsohuwar katanga da ta tsage. Ya zura hannu, ya lanƙwasa yatsa, ya ja. Ya fito da fata a saɓule, yana yarfe hannu yana cewa in ba shi wayar ya sake gani.