Kasuwar da Ake Sayen Kuɗi da Kuɗi: Nazarin Ƙananan Baje Kolin Sulalla a Amurka

A ƙananan garuruwan Amurka akwai wata kasuwa da ke ci ranar Asabar ko Lahadi, wata sau ɗaya a wata, wata kuwa sau biyu kacal a shekara. Ba ta da filin kanta. Hayar zaure take yi, ko na ƙungiyar tsofaffin sojoji, ko na 'yan kwana-kwana, ko ɗakin taron wani otal na bakin hanya. Tun da sanyin safiya za ka ga dattawa na sauke akwatuna masu murfin gilashi daga bayan mota, suna jerawa a kan tebura, kowa ya ɗaura 'yar fitilarsa a gefen nasa. Hajar da ake kasawa kuɗi ce: tsofaffin sulalla na azurfa da zinariya da jan ƙarfe, da takardun kuɗin da aka daina karɓa. Kafin la'asar an watse, an naɗe tebura, zaure ya koma hannun masu shi.

Manyan tarukan wannan harka sanannu ne. Ƙungiyar masu tara sulalla ta Amurka, ANA, wadda aka kafa a 1891 kuma hedikwatarta ke Colorado Springs, tana shirya gagarumin baje koli duk shekara. Akwai kuma na jihar Fulorida da ake yi a watan Janairu. A can tebura ɗaruruwa ne, kamfanonin gwanjo na buga ƙararrawa a kan sule guda na miliyoyin daloli. Ƙaramin taron kuwa ƙungiyar gari ce ke shirya shi, tebur ashirin ko arba'in, shiga kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuɗin hayar tebura ne ke riƙe ƙungiyar. Duk wanda ya san yadda hatsi ke tasowa daga kasuwar ƙauye kafin ya isa Dawanau ya fahimci alaƙar. Sulen da ya kwana shekara hamsin a gwangwanin kakan wani, galibi ta wannan ƙaramin zaure yake fara shigowa kasuwa, daga nan ya yi ta hawa hannu-hannu.

Abin da ke ciyar da mafi yawan masu tebura ba shi da wani kwarjini. Har zuwa 1964 Amurka na buga sulallanta na santi goma da ashirin da biyar da hamsin da azurfa kashi 90 cikin ɗari. Dokar 1965 ta sauya ƙarfen, jama'a suka tsince na azurfar suka ɓoye. Yau ana sayar da su a jaka kamar gyaɗa, ba a duba shekara, ba a duba kyau. Lissafin da kowa ya haddace shi ne sulallan da fuskarsu ta kai dala ɗaya suna ɗauke da kusan oza 0.715 na azurfa, don haka farashinsu na bin na kasuwar duniya, mai tebur na duba wayarsa kafin ya yanka maka. A farkon 1980, lokacin da wasu 'yan'uwa masu arziki na gidan Hunt suka yi yunƙurin mamaye kasuwar azurfa har oza ta kusa dala 50, an narkar da irin waɗannan sulalla masu ɗimbin yawa. Tsofaffin 'yan kasuwar har yanzu suna ba da labarin layin da mutane suka yi da cokulan gado da sulalla a ƙofar shaguna.

Wannan ɓangaren awo ne kawai. Inda harkar ta zama sana'ar ido shi ne wajen sulen da darajarsa ta wuce ƙarfensa. A 1949 wani likita mai suna William Sheldon ya fito da ma'aunin lafiyar sule daga 1 zuwa 70, na 1 ya side har da ƙyar ake gane shi, na 70 ko ƙwarzane babu. Maki ɗaya a saman wannan tsani na iya ninka farashi, shi ya sa musu bai ƙarewa: mai sayarwa ya ce 65, mai saye ya ce 63. Don kashe wannan gardama aka kafa kamfanonin tantancewa, PCGS a 1986 da NGC a 1987. Ka aika musu sule, su duba, su rufe shi cikin ƙwanson roba mai hatimi da makinsa a rubuce. Da sule ya shiga ƙwanso ya zama kamar buhun siminti, ana iya cinikinsa ta waya ba tare da an gani ba.

To amma tantancewa kuɗi take ci, ba kuma a kai sulen dala goma a biya masa fiye da kuɗinsa. Saboda haka akasarin hajar ƙaramin taro tsirara take, cikin 'yan kwalaye masu tagar leda, inci biyu-biyu, an danne da sitefula, an rubuta shekara da farashi da biro. A nan babu alƙali sai idonka da ɗan madubin ƙara girma da ke rataye a wuyanka. Ina ganin wannan ne sirrin da ya hana kasuwar mutuwa duk da eBay da gwanjon intanet. Hoto na ɓoye abubuwa. Sulen da aka goge da tsumma ko aka wanke da sinadari yana iya ƙyalli a hoto, amma da ka karkata shi ƙarƙashin fitila sai siraran layukan gogar su bayyana, darajarsa ta zube. Babban zunubi a wurinsu ke nan, wanke sule. Sau da yawa magada kan zo da kayan marigayi sun sha goga suna walƙiya, da nufin su yi kyau, ba su san da hannunsu suka kankare rabin gadon ba.

Ciniki a zauren na da ladubbansa. Ba ka buɗe akwatin mutum da kanka, sai ka nuna ya ɗauko maka. Sule a gefensa ake riƙe shi, ba a ɗora yatsa a fuskarsa, kuma a saman tebur, don idan ya suɓuce ya faɗa kan kyalle. Ba ka tsoma baki a cinikin da wani ya fara. Ba ka tare mai kawo kaya a gaban teburin da wani ya biya haya ka ce zo in saya, wannan kan sa a raka mutum waje. Farashin da ke kan kwali kuwa buɗe baki ne kawai. Ana tayawa, ana cewa albarka, ana ragi idan ka haɗa uku ko huɗu, tsabar kuɗi a hannu kuma tana sassauta zuciya fiye da kati.

Littafi biyu ne ke mulkin farashi. Na farko shi ne wanda suke kira Red Book, Jan Littafi, na R. S. Yeoman, da ya fara fitowa a 1946 kuma ake sabunta shi duk shekara. Shi ne a hannun mai tarawa, farashin kiri ne a ciki. Na biyu shi ne Greysheet, jaridar farashin sari da ta fara a 1963, ita ce a aljihun 'yan kasuwa. Tsakanin littattafan nan biyu akwai rami, kuma ba ka sanin zurfinsa sai ranar da ka zagaya bayan tebur.

Kusan kowane mai tebur a irin wannan taro mai tarawa ne da kaya suka yi wa yawa. Ya sayi sule, daga baya ya sami wanda ya fi shi lafiya, na farkon ya zama rara. Rarar ta cika akwati, uwargida ta fara magana, sai ya kama tebur. Ranar farko takan zo da darasi mai ɗaci. Sulen da ya saya shekara goma da suka wuce, yana fito da shi da dare yana kallo, sai wani ya jujjuya shi sau biyu ya taya ƙasa da kuɗin sayensa, ya kuma nuna masa wani tabo da shi bai taɓa yarda ya gani ba. Mai tarawa yana sayen abin da yake so, ɗan kasuwa dole ya sayi abin da wasu ke so, a farashin da zai bar masa riba bayan haya da mai da abinci. Mutum ɗaya ne ke ɗauke da zuciya biyun, kuma a yawancin lokuta ta mai tarawa ce ke rinjaye: cinikin da ya yi da safe, kafin azahar ya zube shi a teburin maƙwabcinsa. Kuɗin ba su cika fita daga zauren ba, zagayawa suke yi.

Wani abin da baƙo ba ya gani shi ne an ci rabin kasuwar kafin a buɗe masa ƙofa. A sa'ar kasa kaya 'yan kasuwa kan bi teburan juna suna tsince masu kyau, don kowa ya san abin da abokan cinikinsa ke nema. Wasu tarukan kan sayar da izinin shiga da wuri ga mai son ya riga jama'a. Akwai kuma waɗanda ba su da tebur sam, hajarsu a aljihu take, su saya a kusurwar nan su sayar a waccan, ribar 'yan daloli a tafiyar taku ashirin. Dillalan kara sun san wannan rawar.

Sai mu zo ga abin da na fi ganin ya cancanci nazari. Riba a wannan kasuwa daga bambancin sani take fitowa, kuma al'adar ta raba wannan bambanci gida biyu, ɗaya halal ɗaya haram. A ɗauki santi ɗaya na 1909 mai hoton Lincoln da haruffan mai zanensa, V.D.B., a baya. Wanda aka buga a Filadelfiya miliyoyi ne, ba shi da tsada. Wanda aka buga a San Faransisko, mai ɗan harafin S ƙarƙashin shekara, guda 484,000 ne kawai, kuɗinsa ɗaruruwan daloli ko fiye. Irin waɗannan bambance-bambance, da wasu da suka fi su ƙanƙanta kamar rubutun da ya fito biyu-biyu saboda kuskuren hatimi, suna da yawa har Bill Fivaz da J. T. Stanton suka yi musu littafi guda. Idan mai saye ya tsinci irin wannan a kwandon arha na ɗan kasuwa, ya biya dala biyu ya yi gaba bai ce uffan ba, jarumi ne, zai ba da labarin a taron ƙungiya a tafa masa. Hujjarsu ita ce wanda ya kasa kaya ya ɗauki nauyin sanin kayansa.

Amma idan gwauruwa ta shigo da akwatin mijinta, ba ta san S daga D ba, ɗan kasuwa ya auna mata da farashin azurfa alhali ya hango sulen santi goma na 1916 bugun Denver, mai harafin D, wanda 264,000 kacal aka yi, wannan cuta ce, kuma a ƙaramin zaure ba ta ɓoyuwa. Maƙwabcin tebur ya gani, kafin wata mai zuwa kowa ya ji. Babu dokar da ta tsara wannan iyaka, kunya ce ke tsare ta, kuma kunya na aiki ne inda fuskoki ɗaya ke haɗuwa wata bayan wata. Ban ce tana aiki kullum ba. Iyakar ma ba ta miƙe sosai ba: tsoho mai tebur da idonsa ya raunana, a wane gida za a sa shi? Na ɗan kasuwa ko na gwauruwa? Masu tsintar ba su cika son wannan tambaya ba. Shawarar da masu gaskiyar cikinsu ke ba magada ita ce kada su sallama a teburin farko, su ji tayi uku.

Jabu ma na nan. Tsohuwar dabara ita ce a liƙa ɗan harafi a kan sulen banza. Sabuwa kuwa daga masana'antun ƙasar Sin take fitowa, har da ƙwanson tantancewa na ƙarya. Dokar Amurka ta 1973 ta wajabta a buga kalmar COPY a kan duk kwaikwayo, amma mai niyyar zamba ba ya bin ta. Shi ya sa sikeli da maganaɗisu ba sa barin tebur. Dalar azurfa ta Morgan, wadda aka buga daga 1878 zuwa 1904 sannan a 1921, nauyinta giram 26.73 ne, kuma azurfa ba ta bin maganaɗisu.

A ƙarshen tebura da dama akwai kwandon kuɗin ƙasashen waje, a zube, biyar dala ɗaya ko makamancin haka. Bahaushen da ya tona zai iya cin karo da abin da ya sani: kwabo mai huji, da ɗari, da anini, masu tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Aninin 1907 na alminiyam ne, yana cikin sulallan farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Na 1936 kuwa akwai masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon Ingila kafin a fitar da kuɗinsa a ƙasarsa, amma Afirka ta Yamma ta kashe nasa. Idan ka sa madubi za ka ga wasu na da ɗan H ko KN, alamar masana'antun Bamingham da suka buga su. Haka liyari, dalar Maria Theresa da ta ratso Sahara ta shiga kasuwanninmu da adon mata. Kusan duk inda ka gan ta 1780 ce a jikinta, don da wannan shekarar aka ci gaba da buga ta har zamaninmu. Masu tebura sun gaji da yi wa mutane bayanin cewa tasu ba lallai ta kai shekara ɗari biyu ba.

Furfura ta yi yawa a zauren, kowa ya san haka. Ƙungiyoyi na ware tebur don yara, a ba su sulalla kyauta da kwalin jerawa, kuma jerin sulallan jihohi hamsin da gwamnati ta fitar daga 1999 zuwa 2008 ya jawo wasu. Matasan da suka shigo kuwa da waya a hannu suke yawo, suna duba farashin gwanjon jiya kafin su taya, wasu ma suna sayar wa mabiyansu kai tsaye daga bakin ƙofa.

Da misalin ƙarfe biyu masu nisa kan fara tattara kaya, ko da takarda ta ce sai huɗu, abin da ke ɓata wa makararru rai. Fita ita ce lokacin fargaba. An sha bin 'yan kasuwa daga irin waɗannan taruka a fasa musu mota a inda suka tsaya cin abinci, don haka ɗan sandan da aka ɗauka gadi kan tsaya a wurin ajiye motoci, su kuma su cire katin suna daga ƙirji, su cika tanki tun daren jiya, ba sa tsayawa sai a ƙofar gida.