V-boot, Marsandin da ta ƙi tsufa

Jama'a, ku bar ni in yabi V-boot! Duk motocin zamani da ke sintiri a Titin Rabah na Kaduna, masu allon talabijin a gaban direba, babu wadda ke sa ni waiwaye irin tsohuwar Marsandin nan idan ta fito daga wani gida a Malali, an wanke ta fes, tauraronta na tsaye a kan hanci.

Masu ita W124 suke kiranta. Kamfanin Mercedes-Benz ya fito da ita a ƙarshen 1984, ya ci gaba da ƙera mai ƙofa huɗu har 1995, kuma Bruno Sacco, haifaffen Italiya, ne shugaban masu zanen kamfanin a lokacin. Ke nan ko autarsu ta kai shekara 30 a duniya. Amma rufe ƙofarta ka ji! Dim, babu karaf-karaf. Dubi waifa guda ɗaya tal da ke miƙewa ta share gilashin gaba kusan kaf a ruwan Agusta. Kowace tayar baya hannuwan ƙarfe biyar ne ke riƙe da ita, shi ya sa idan ka haye gadar Kawo ka miƙi hanyar Zariya za ka ji ta kwanta lif a kan kwalta. Ita kuwa 300E mai silinda shida, kukan injinta kaɗai ya isa ya wanke wa mutum zuciya.

Na san abin da za a ce: Marsandi cin kuɗi gare ta. Wallahi sharri ake mata. Sakaci ne ke cin kuɗin. Wannan mota ba ta da ƙorafi, abu kaɗan take nema, amma a kan kari. A juye mata baƙin mai da matatarsa kafin ya yi kauri. Da hunturu a riƙa duba matatar iska, don ƙurar Kaduna ba ta da tausayi. Uwa uba a kula da lagireto: a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, a daina ɗura mata ruwan rijiya mai haifar da tsatsa, kuma kada a yarda wani ya cire tamostat ya jefar da sunan wai ƙasarmu akwai zafi. Injin mai silinda shida yakan yi yoyon mai ta gasket ɗin kai idan shekaru suka ja. A gyara tun yana tsattsafi. Na shekarun ƙarshe, wajen 1993 zuwa 1995, rufin wayoyin injinsu kan bushe ya farfashe, sai mota ta fara ɗaukewa babu dalili. A canza wayarin gaba ɗaya a huta. Makullan ƙofa kuma da iska suke aiki, sau da yawa ɗan siririn tiyo ne ya tsage, ba wani tashin hankali ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen bakanike. Kaduna garin Fijo ne, a 1975 aka fara harhaɗa ta a Kakuri, don haka ƙwararrun Fijo ba a nemansu da fitila. Marsandi kuwa nata daban ne. Na'urar Bosch mai raba wa injin mai ba abin wasan ɗan koyo ba ce. Juyi ɗaya na kuskure, mota ta koma zuƙar fetur tana hayaƙi. Nemi dattijon da ya tsufa a kanta, wanda daga kukan inji zai ce maka, “Alhaji, fulogi ne.” Kayan gyara kuwa ka zaga kasuwar Panteka da haƙuri, kuma ni a wurina asalin ɗan Beljiyam ya fi sabon jabu da ke ƙyalli a kwali.

Fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, kuma V-boot ba ta azumi, wannan gaskiya ne. To sai me? A fita da ita Juma'a da ranar biki, a ji daɗin rayuwa.

Don Allah masu irinta da ke jibge a bayan gida, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashi, ku taimaka ku tashe ta. In ba za ku iya ba, ku sayar wa wanda zai riƙe ta, kada ku miƙa ta ga 'yan gwangwan.