Sabon Ibadan: Unguwar da ba ta Kafa Mutum-mutumi

Duk wanda ya zaga Ibadan zai lura cewa Yarbawan garin suna son ganin magabatansu a tsaye. A shataletalen Challenge ga mutum-mutumin Efunsetan Aniwura, Iyalode ta Ibadan, wadda ta rasu a 1874. A kan tudun Oke Are ga hasumiyar da aka gina a 1936 don tunawa da Bature Kyaftin Bower. Amma da zarar ka gangaro daga Mokola ka shiga Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, ba za ka ga mutum-mutumi ko ɗaya ba. Fataken goro da na shanu da suka raya wurin ba wanda aka sassaƙa wa siffa, domin malamanmu sun hana, kuma ni ban ga asara a nan ba.

Abin da ya sa na ce haka shi ne labarin wani dandali a birnin Fulorans na Italiya, wato Piazza della Signoria. A 1504 aka kafa wani shahararren mutum-mutumi na mai sassaƙa Michelangelo a ƙofar fadar birnin. Daga baya sarki Cosimo na gidan Medici ya janyo ruwa zuwa cikin gari, ya sa Bartolomeo Ammannati ya gina maɓuɓɓuga da gunkin Neptune na farin dutse a tsakiyarta, aka buɗe ta a bikin auren ɗansa a 1565. Sarki yana nufin a kalli ƙasaitarsa. Talakawa kuwa ruwan suka gani, suka dinga wanki a ciki, har sai da hukuma ta manna allon dutse a bango a 1720 tana hani. Wannan allon ya fi gunkin burge ni, don ya nuna abin da jama'a ke nema a dandali.

To, shi ɗin ne Sabo ta riƙe. Tsaya a ƙofar masallaci gab da azahar: butoci jere, dattijo ya tattare hannun babbar riga ya tsuguna, ɗan ga-ruwa ya turo kura da jarkoki, yaro na cika duro. Bahaushe idan yana son a tuna da mahaifinsa, rijiya yake haƙawa ko ya ja famfo, ya ce sadaka ce mai gudana. Sunan mamaci yana bakin masu sha, ba a fuskar dutse ba.

Inda muka gaza shi ne ado. Ammannati ya ɗauki ruwa abin girmamawa, mu kuwa sau da yawa tankin roba ne a kan bulo, ƙarƙashinsa caɓi. Alhali muna da zayyanar bango irin ta gidajen Zariya da Kano, muna da dagi, muna da magina da suka iya tsayar da bakan gizo a soro. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya saɓa wa addini.

Attajiran Sabo, in za ku gina wurin alwala ko famfon unguwa na gaba, ku kira mai zayyana tare da mai haƙa, ku kuma yi wa ruwan magudana.