Takobi da Littafi

A cikin shekarar 2000 wani mutumin Taiwan, Ang Lee, ya fito da wasan silima mai suna Crouching Tiger, Hidden Dragon. Ya ɗauko labarin daga littafin Wang Dulu, wanda aka riƙa bugawa kashi kashi cikin wata jarida ta ƙasar Sin a 1941 da 1942. A 2001 wasan ya ci kyautar Oscar har huɗu a Amurka.

Galibin 'yan kallo abin da su ke yabo shi ne faɗan takobi, da yadda jarumi Li Mu Bai da yarinya Jen su ke kai gwauro su kai mari bisa ƙololuwar itatuwan gora. Lalle abin ya ƙayatar, ko da ya ke igiya ce ke ɗauke da su. Amma fa ba nan gishirin labarin ya ke ba.

Akwai wata tsohuwa da a ke yi wa laƙabi da Jade Fox, watau kamar a ce Dila. Malamin Li Mu Bai ya ƙi koya mata asirin yaƙi don ita mace ce, sai ta kashe shi da dafi, ta sace littafinsa. To, ga littafi a hannu, amma karatunta bai kai ba, sai zane kaɗai ta ke bi. Almajirarta Jen kuwa 'yar gwamna ce, ta iya karatu. Ta karance littafin sarai, ta wuce tsohuwar nesa, ta kuwa ɓoye mata shekara da shekaru. Ran da Dila ta gane haka zuciyarta ta ƙuna. Daga bisani ta harbo wa Jen allurai masu dafi, ɗaya ta sami Li Mu Bai, ya mutu. Wanda duk ya taɓa miƙa wasiƙarsa ga wani don a karanta masa, ba shi bukatar a fassara masa baƙin cikin wannan tsohuwa. Mugunta dai ta yi, amma an fara cutarta.

Aibin wasan shi ne bai ba ta fili isasshe ba. An ɓata lokaci mai tsawo wajen soyayyar Jen da wani ɗan fashi cikin hamada, ita kuwa Dila sai a ƙurarren lokaci, tana bakin mutuwa, aka bar ta ta faɗi abin da ke cinta.