"Ya Yi Masa Kik": Sharhi Kan Hausar Masu Bayanin Damben Zamani



Sharhinmu na yau a kan Hausar da ake bayanin damben zamani da ita ne, musamman wanda ake haɗa naushi da shuri, wato kikboksin, da ɗan uwansa na gasar UFC. Tun da Kamaru Usman da Israel Adesanya suka ɗauki kambun UFC a 2019, matasanmu suka raja'a a kan wannan wasa. Daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, daga Jabo zuwa Kebbe da Kuchi, da wuya ka zauna majalisar samari ba a miƙo maka waya ka ga wani ya sha shuri a ka ba. Masu shafuka kuma sun shiga yanko bidiyo suna ɗora murya da Hausa. Wannan abin a yaba musu ne, don sun kawo wasan cikin harshenmu. To amma wace irin Hausa? Ga irin jimlar da ta zama ruwan dare:

"Ya yi masa kik a kai, shi kuma bai yi difens ba, sai ya yi nokin ɗinsa awut a rawun na biyar."

Da yawa za su ce laifin jimlar nan shi ne kalmomin aro guda huɗu. Ni ba nan na fi ganin ɓarnar ba. Aro ba haramun ba ne a harshe. Da aro muka sami fenariti da kwana da gola a ƙwallon ƙafa, kuma sun zauna daram. Ɓarnar tana wajen aikatau. Ku ƙirga: "ya yi", "bai yi", "ya yi". Faɗa guda, motsi iri uku, amma aikatau ɗaya tal. Mai sauraro bai san wane irin shuri aka yi ba, bai san wace irin kariya aka kasa yi ba. Alhali a fagen duka da kariya, kaɗan ne wuraren da Hausa ta fi wadata da kalmomi.

1. Kalmomin kai duka

Bahaushe ba ya cewa "ya yi masa duka" ya yi shiru, sai dai in ba ya son faɗin yadda aka yi. Da dunƙulallen hannu, naushi ne ko ƙulli. Da tafi, mari ne. Da ƙafa kuwa, akwai aƙalla huɗu, kuma kowanne yana da takwaransa a kikboksin:

Shuri: dukan ƙafa gaba ɗaya, wanda muke ji a karin maganar "shure-shure ba ya hana mutuwa". Shi ne uwa. Sai a bambanta da wurin da ya sauka: shurin cinya, shurin haƙarƙari, shurin kai. Ƙwararru da ƙwauri suke kai shi, ba da yatsun ƙafa ba. Mu nan ƙwabri muke cewa, kamar yadda muke cewa sabro inda Bakano zai ce sauro.

Tokari: a sa tafin ƙafa a cikin abokin karawa a tura shi baya. 'Yan damben Tailan sun shahara da shi. Ba don a ji ciwo ake yin sa ba, don a hana mutum matsowa ne. "Ya tokare shi da ƙafa" ta faɗi komai.

Hauri: shurin baya, irin na jaki da doki. Idan ɗan wasa ya juya ya kai diddige, hauri ya yi.

Taɗiya, ko kwashe ƙafa: a ɗauke wa mutum ƙafar da ya tsaya a kanta.

Ga naushi kuma, ina ba da shawarar waɗannan, ku duba ku gyara: na hannun gaba da ake yi don auna tazara, naushin zunguri, mai zagayowa ta gefe, naushin lauje, mai tasowa daga ƙasa, naushin haɓa. Duk wanda ya taɓa riƙe lauje ya san yadda na biyun yake tafiya tun kafin a nuna masa.

2. Kalmomin kariya

Nan ne "difens" ta fi yi mana asara, don ta haɗiye dabaru biyar. Tarewa ita ce ka sa hannu ko ƙwauri duka ya sauka a kai. Kaɓewa ita ce ka bugi hannun da ya taho ya sauya hanya. Gocewa ita ce ka karkatar da kai kaɗan naushi ya wuce ta gefen kunne, ƙafarka na nan inda take. Kaucewa kuwa sai ka bar wurin. Sunkuyawa ita ce ka shige ƙarƙashin dukan.

Kada wani ya ce wannan ƙaƙale ne na malaman Hausa. Ku tuna yadda Kamaru Usman ya rasa kambunsa a watan Agustan 2022 a hannun Leon Edwards ɗan Birtaniya. Usman ne ke kan gaba da maki, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi. Edwards ya nuna kamar zai kai naushin hagu, Usman ya goce zuwa damansa, sai kansa ya haɗu da ƙafar hagun Edwards da ke tahowa. Wanda ya ce "bai yi difens ba" ya yi wa Usman ƙarya. Ya kare kansa mana, gocewa ya yi. Gocewar ce ma aka ɗana masa tarko da ita. Ka ga ke nan rashin kalmar da ta dace ya ɓata labarin kansa, ba adon magana kaɗai ya rage ba.

3. Ya doki, ya doke. Ya bugi, ya buge

Ga wani kuskure da ake yi ko da babu kalmar aro ko ɗaya. Ɗalibanmu na nahawu sun san aikatau 'yan aji na biyu a rabon da Parsons ya yi a 1960, masu sauya wasalin ƙarshe gwargwadon karɓau:

Ya nausa. Ya naushe shi. Ya naushi Audu.
Ya shura. Ya shure shi. Ya shuri Audu.
Ya doka. Ya doke shi. Ya doki Audu.

Ku lura da yadda "s" ta koma "sh" a gaban "e" da "i" a misali na farko. Ganɗantawa ke nan.

To, idan karɓau suna ne, "ya doki Audu" na nufin duka ya sauka a jikinsa, ko da sau ɗaya ne. "Ya doke Audu" kuwa aji na huɗu ne, mai nuna an gama aiki kakaf: ya ci shi a wasa. Haka "ya bugi Audu" da "ya buge Audu": na farko bugu ne kawai, na biyu ya kai shi ƙasa. Sau da yawa za ka ga an rubuta "ya doke wane a ciki" alhali ana nufin "ya doki wane a ciki", mai karatu ya ɗauka an tashi wasa tun ba a je ko'ina ba.

Inda abin ya fi rikitarwa shi ne da wakilin suna. "Ya doke shi" a rubuce fuska biyu gare ta. A baki karin sauti ke raba su: aji na biyu ƙasa-sama, aji na huɗu sama-ƙasa. Tunda rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, marubuci ya taimaki mai karatu: ya ce "ya doke shi a haƙarƙari" in duka yake nufi, ko "ya doke shi da maki" in nasara ce.

4. Aro daga damben gargajiya: inda ya yi da inda bai yi ba

Wasu 'yan uwa masu kishi sukan ce, ai mu kwaso kalmomin dambenmu kawai mu ɗora. Niyyar mai kyau ce, kuma ƙasar Sakkwato da Zamfara ba baƙin dambe ba ne. Mahauta sun riƙe shi tun kaka da kakanni, ana yin sa da kaka bayan an kai amfanin gona gida, da kalangu da kirari, kuma a wannan ƙasar ce Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙar da har gobe ake saurare. Amma sai an tantance.

Turmi ya yi. Damben gargajiya turmi uku ne, kikboksin na tsarin K-1, gasar da aka kafa a Japan a 1993, shi ma uku ne na minti uku-uku, wasan kambun UFC kuma biyar na minti biyar-biyar. Bambancin kawai a can agogo ke yanke turmi. Babu dalilin cewa "rawun". Bahago ma ya yi, ga ɗan wasan da hagu ce ƙarfinsa, irin Edwards.

Mashi da garkuwa sai da hattara. A dambenmu hannu ɗaya ake naɗewa da kara da zare, shi ne mashi. Ɗayan a buɗe yake, a miƙe gaba, shi ne garkuwa, aikinsa tarewa da auna tazara. A kikboksin hannu biyu ke cikin safar dambe, kowanne na naushi, kowanne na tarewa. In ka kira hannun gaba garkuwa, ka ɓoye wa mai sauraro cewa hannun nan ma yana iya kai mutum ƙasa.

Kisa kuwa bai yi ba. A dambenmu da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa, an yi kisa, wasa ya ƙare. A kikboksin mutum na iya faɗuwa warwas, alƙalin wasa ya fara ƙirga zuwa goma, ya miƙe kafin a cika, ya ci gaba, har ma ya yi nasara. Saboda haka abubuwa uku ne, kowanne da sunansa: ya kayar da shi, in ya faɗi ya tashi, ya sumar da shi, in bai tashi ba, alƙali ya tsayar da wasa, in an ga ba zai iya kare kansa ba. Ban da haka, kanun labari mai cewa "wane ya kashe wane" game da baƙon wasa na iya sa wanda bai san fagen dambe ba ya yi salati a banza.

5. Karin harshenmu ba aibi ba ne

Wani abin takaici shi ne yaron Kebbe ko Tambuwal da ya ɗauki waya zai yi bayani, sai ya guji Sakkwatancinsa ya faɗa Ingausa, wai ita ce wayewa. A jarrabawa da rubutun hukuma, Daidaitacciyar Hausa muke koyarwa, babu ja. Amma a bayanin baka, me ya fi "yat tokare shi, yag goce, sannan yaz zuba mai ƙwabri ga wuya, yah hwaɗi tim" armashi? Aikatau huɗu, amsa-kama ɗaya, kuma makaho ma ya ga faɗan.

Yanzu mu koma ga jimlarmu ta farko mu wanke ta:

"A turmi na biyar ya yaudare shi da hagu, da ya goce sai ya tarbe shi da shurin kai, ya sumar da shi."

Tsawonsu kusan ɗaya, amma ta biyun ta faɗi abin da ya faru.

Abin da nake jin tsoro shi ne, kalma ba ta mutuwa a ƙamus, a baki take mutuwa. Tokari da hauri da gocewa suna nan a littafi, amma in yaran da ke kallon faɗa kullum ba su ji su a bakin masu bayani ba, nan da 'yan shekaru sai an yi musu fassara. Kayan aro ba ya rufe katara.

Aikin gida ga ɗalibai: ku sami dattijon da ya taɓa naɗa kara a garinku, in akwai mahauci a unguwa ku fara da shi, ku tambaye shi sunayen duka da kariya da suke amfani da su a fage. Ku rubuto mana yadda ya faɗa, da karin harshensa, kada ku gyara masa. Sannan a kawo mana suna mai kyau na dukan gwiwar ƙafa da na gwiwar hannu, a jimla cikakkiya, ba tare da "ya yi" ba.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani.