Masu Gadin Numfashin Mai Barci

Mai fama da ɗaukewar numfashi a cikin barci shi ne na ƙarshen sanin halin da yake ciki. Matarsa ce ke jin minsharin ya tsaya cak, ɗaki ya yi tsit, can sai ya zabura ya ja iska kamar an shaƙe shi. Shi abin da ya sani kawai ciwon kai da safe, bushewar baki, da gyangyaɗi da rana, wani lokaci ma a kan sitiyari. Naman maƙogwaro da gindin harshe ne ke saki idan barci ya yi nisa, su toshe hanyar iska. In aka bar ciwon ya daɗe, yakan taimaka wajen kawo hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Shi ya sa nake ganin girman ma'aikacin ɗakin gwajin barci, wanda ke kwana ido biyu don wani ya runtsa. Da daddare yakan manna wa majinyaci wayoyi a fatar kai, gefen idanu da haɓa, ya ɗaura masa ɗamara ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, siririn tiyo a hanci, da abin auna iskar oksijin a yatsa. Sa mutum ya yi barci da wannan tarkace a jikinsa ma gwaninta ce, sai da lallashi.

Ainihin aikin yana gaban kwamfuta. Ana yanka daren gunduwa-gunduwa, kowace daƙiƙa 30, wato barcin awa 8 ya ba da shafi 960, kuma duk sai an duba. Layin iska ya kwanta na daƙiƙa 10 ko fiye, amma ɗamarar ƙirji na ta motsi? To maƙogwaro ne ya toshe, jiki na kokawa. Idan ƙirjin ma ya tsaya, ƙwaƙwalwa ce ba ta aiko da umarni ba, kuma kulawarsu ba ɗaya ba ce. Gwani kan gane waya ce ta kwance ba numfashi ne ya tsaya ba. Yakan lura cewa wannan mutumin sai ya kwanta rigingine, ko ya shiga barcin mafarki, abin ke tsananta. Ɗaukewar numfashi sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya ciwo mai sauƙi ne; daga 30 zuwa sama ya yi tsanani.

Sai magani. A 1981 likita Colin Sullivan na birnin Sidni a Ostareliya ya bayyana na'urar CPAP, mai hura iska a hankali ta takunkumin hanci don hanyar ta zauna a buɗe. Saita ta kuwa sai mai haƙuri. Ma'aikacin yana ƙara ƙarfin iskar kaɗan-kaɗan, idonsa a kan allo, har minsharin ya ɗauke, oksijin ya daina faɗuwa. Ya yi ƙasa, maƙogwaro ya sake rufewa. Ya wuce kima, mutum ya farka ya cire ya ajiye.

Mutane da yawa a nan suke sarewa, kan takunkumin da ke zubar da iska cikin ido ko ke gurje karan hanci. Ma'aikacin kirki ba ya cewa "ka daure" ya tsaya nan. Zai canza girman takunkumin, ya sassauta igiyar, ya haɗa ruwan ɗumi don hanci kada ya bushe, sannan ya ce a dawo ya duba yadda aka kwana.