Kalmar "Bola": Baƙuwa Ce Ko 'Yar Gida?

Masu neman tsarkake Hausa kan ce a yar da kalmar "bola", tun da ana danganta asalinta da "boiler" ta Ingilishi, sunan da aka laƙaba wa wurin ƙona shara a zamanin Turawa. Wai kalmar "juji" ta wadatar. Wannan ra'ayi yana da rauni. A Argungu da Birnin Kebbi juji dukiya ne: toka da kashin dabbobi su ruɓe, manomi ya kwashe ya kai gona. Bola kuwa matattarar leda ce da gwangwani, abubuwan da ƙasa ba ta ci. Daga gare ta ma aka sami "'yan jari-bola". Kalmar da ta haihu cikin harshe ta wuce baƙunta, korarta kuwa asarar ma'ana ce.